Shekarar da Na Ƙwace Rediyon Isuhu

Ran sunan jikana, ɗan Nasiru, ina zaune a zaure na ji ɗaya daga cikin surukaina yana ba baƙi labari, wai a zamanin da nake shugaban masu gadi a kamfanin jima na Challawa na taɓa kama ɗan leƙen asiri da hannuna. Mutane suka juyo suna kallona, wani dattijo har da cewa ai tsohon ɗan sanda ko ya tuɓe kaki idonsa ba ya ritaya. Na yi murmushi na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce irin ta wanda ake yabo a gabansa. Kunyar ce kuwa, amma ba irin wadda suke zato ba. Tun daga ranar nake juya abin a raina, na ga idan na mutu ban gyara ba, wannan ƙaryar za ku gada ku ba 'ya'yanku. Don haka ku karanta wannan babin a nutse. Ban kama ɗan leƙen asiri ba. Manomi na kama, kuma na san manomi ne a lokacin da na kama shi.

Sunansa Isuhu, mutumin wani ƙauye ne a Nijar, can arewa da Maraɗi. Ya riga ni zuwa kamfanin da shekaru masu yawa. A sashen gishiri yake, inda ake baza ɗanyun fatu ana barbaɗe su kafin a kai su ganguna, aikin da ke tsattsaga tafin hannu har mutum ya daina jin zafin kofin shayi. Dogo ne siriri, ba ya sauri ba ya nawa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai in zai kira salla. Sa'ana ne, ko ya girme ni da kaɗan. Yana haya a Panshekara ɗaki ɗaya da mutanen garinsu, iyalinsa kuwa suna can gida, baki goma sha ɗaya, duk suna kallon gonarsa ta gero da abin da yake aikawa. Albashin kamfani na cefane ne kawai. Abincin shekara daga gonar yake fitowa, kuma babu namiji babba a gidan da zai tsaya a kan shuka in ba shi ba.

Akwai wata al'ada a kamfanin da na tarar, ana ce mata hutun shuka. Ma'aikatan da suke da gona a nesa ana ba su kwana ashirin sau ɗaya a shekara, ba albashi, amma ana riƙe wa mutum gurbinsa. Wahalar abin ita ce zaɓen ranar tafiya. In ka yi gaggawa ka je ka zauna kana kallon sama har kwanakinka su ƙare. In ka yi jinkiri ka tarar ƙasa ta bushe. Mutanen Jigawa waya suke bugawa gida su ji, amma a yankin su Isuhu 'yan bindiga sun ƙone ƙarfen sabis, sai ran kasuwa wani ya taka mai nisa kafin a ji muryarsa. Abin da ya rage musu shi ne gidan rediyon gwamnatinsu. Kullum bayan azahar, in an gama labarai da Hausa, sai a jero sunayen garuruwa da yawan ruwan da aka auna a kowanne. Isuhu yana da wata tsohuwar rediyo baƙa da ya ɗaure wa eriya waya don ta kamo, yana rataye ta a ƙusa a rumfar cin abinci. Da an fara jero garuruwan sai cokula su tsaya. Ya yi makarantar boko shekara uku a can, don haka shi ke rubutawa a wani ɗan littafi mai bangon leda: sunan gari, rana, lamba. Daga littafin nan mutum kusan talatin suke sanin ranar ɗaukar jaka.

Ni ma ina cikin masu tsayar da cokali. Kun sani gonar kakanku tana ƙarƙashin katangar wani kamfanin lemo yanzu, tun ina yaro aka karɓe ta aka yi layin masana'antu. Ɗan manomi ne ni da ba shi da gona, sai na riƙa yin noma da kunne a gonar Isuhu. Kullum in ya rufe littafin sai na tambaye shi nawa aka samu yau.

"Bakwai ne, Saje," yakan ce. "Wanga na awaki ne, ba na shuka ba."

Shi ya koya mini cewa sai lambar ta haura ashirin a zubi ɗaya ƙasa ke jiƙa har tsawon hannu, kuma daga ranar mutum yana da kwana uku, in ya yi sa'a huɗu, kafin laimar ta gudu. Duk kaka yana kawo wa mahaifiyarku kwano biyu na wake a ƙullin buhu. Ku manyan kun ci waken nan, ko ba ku san daga inda ya fito ba.

Sai shekarar nan ta zo da gwamnatocinmu biyu, tamu da ta Nijar, suka ɓata. Aka rufe iyaka, aka yi ta maganar za a yi yaƙi, kowa a Kano yana cewa yaya za a yi mutum ya harbi ɗan'uwansa. A lokacin aka tura Nasiru bakin iyaka da rundunarsu ta soja. Mahaifiyarku ta koma yawo da waya a hannu ko banɗaki za ta shiga. Rediyon Isuhu ma ta canja murya. Kafin a kai ga ruwan sai wani mai sharhi ya share minti goma yana wanke gwamnatinmu tas, yana cewa an saye ta. Daminar farko aka yi ta da gunaguni kawai. Da ta biyu ta gabato, zantukan suka ƙara zafi. Wata rana ina cin shinkafa da wake a rumfar, mai sharhin ya ce sojan da aka jibge a iyaka 'yan amshin shatan baƙi ne, kuma duk wanda ya tsallako a nan za a rufe shi. Wani matashi daga cikin 'yan Nijar ya yi dariya ya ce haka ne. Ni fuskar Nasiru na gani. Na tashi na murɗe rediyon na kashe.

"Saje, ba a kai ga ruwan ba," in ji Isuhu a hankali.

"Ba za a kai ba," na ce. "Ba za a zauna a ƙasarmu ana zagin sojanmu ba."

Daga can baya wani ya ce, "Saje, ikonka fa bakin get ne, nan rumfa ce."

Aka kwashe da dariya, har da 'yan Kanon da nake ganin ina kare musu mutunci. Wani ya miƙa hannu ya sake kunnawa. Na bar kwanona na fita. Shekaru ina gaya wa kaina cewa tsoron abin da zai sami Nasiru ne ya sa na yi abin da na yi. Akwai tsoron, ban musa ba. Amma abin da na tafi da shi gida ranar, yana ci na a cikin a-daidaita-sahu tun daga Challawa har ƙofar gida, dariyar nan ce.

A lokacin 'yar'uwarku Hafsa tana shekarar ƙarshe a karatun lauya. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsinke zogale da mahaifiyarku, littafi buɗe a cinyarta. Ko ruwa ban sha ba na tambaye ta ko doka ta ba da dama a hana gidan rediyon gwamnatin waje a lokacin yaƙi. Ta ji daɗin tambayar, don ban saba tambayarta komai ba, ni da nake ganin shekaruna a caji ofis sun fi duk littattafanta.

"Akwai dama, Baba," ta ce. "Mutum yana da 'yancin ya ji labari daga inda ya so, amma ana iya taƙaita shi saboda tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a. Sai dai da sharuɗɗa."

"Tsaron ƙasa," na maimaita. "Ci gaba."

"Na farko sai akwai rubutacciyar doka da ta ba da ikon, kuma hukumar da dokar ta ambata ce kaɗai za ta yi. Sannan sai an nuna cewa tashar da gaske gwamnatin da ake rikici da ita ce ke juya ta, kuma abin da take watsawa yana ingiza mutane ga tashin hankali ko yana tona inda soja suke. Zagi kawai bai isa ba. Kuma ba a wuce gona da iri, in rufe shiri ɗaya zai wadatar ba a rufe tasha duka. Ana sa wa'adi, kuma kotu tana iya dubawa ta soke."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba, Baba. Mu ba a ma ayyana yaƙi ba. Kuma ko inda aka yi hanin, galibi mai watsawa ake hanawa, ba a bin mai saurare."

Mahaifiyarku ba ta ɗago daga zogalenta ba ta ce, "Malam, wa kuma za ku kama? Ku da kuka ce kun gaji da kame-kame."

Na ce mata maganar maza ce. Daga duk bayanin Hafsa kalma biyu na ɗauka na sa a aljihu, sauran na bar mata a tsakar gida. Washegari na biya shagon masu buga takardu a Panshekara na sa aka buga mini sanarwa da manyan baƙaƙe, cewa bisa dalilan tsaron ƙasa da tanadin doka, an haramta sauraren kowace kafar labarai ta gwamnatin waje a harabar kamfani, kuma wanda aka kama za a miƙa shi ga hukuma. Wace doka? Ban ambata ba, don babu ita. Manajanmu mutum ne mai tsoron duk takardar da aka rubuta tsaro a jikinta, ga shi ya san ni tsohon ɗan sanda ne. Ya tambaye ni ko daga sama ne, na ce masa ai abin a bayyane yake. Ya sa hannu ya buga hatimi. Na manna ɗaya a get, ɗaya a rumfa daidai ƙarƙashin ƙusar da ake rataye rediyon, kuma na tsaya na ga wanda zai yi dariya. Babu wanda ya yi.

Da yamma Isuhu ya same ni a ɗakin gadi. Ya tuɓe takalmin robarsa a ƙofa kamar mai shiga ɗakin surukai.

"Saje, na zo roƙo ne. Zagin nan ni ma ba ya mini daɗi, ɗanka ɗana ne. Ga shawara. Rediyon ta zamna nan wurinka. In lokacin ruwa ya yi kai da kanka ka kunna, in an ƙare ka kashe. Minti biyar. Ba mu jin komi sai garuruwa."

Yanzu da nake rubuta wannan na ga shawarar Isuhu ita ce daidai abin da Hafsa ta ce doka take nema, a cire abin da ke cutarwa a bar sauran. Mutumin da ya yi aji uku ya fi ni fahimtar dokar da nake taƙama da ita. Amma yarana masu gadi biyu suna tsaye suna ji, kuma takardar ko kwana ɗaya ba ta yi a bango ba.

"Doka doka ce, Isuhu," na ce. "Ba ni na yi ta ba."

Ya dube ni ya ce to, ya sa takalminsa ya tafi. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas kusan kullum, kowa ya san kwanakin sun matso.

Bayan kwana biyar ina zagaye da azahar tare da masu gadin nan biyu, muka bi ta bayan ɗakin ajiyar gishiri. Sai ga Isuhu yana tsugune tsakanin buhuna, ya naɗe rediyon a tsumma ya manna ta a kunne, littafin a gwiwarsa, yana rubutu. Da ni kaɗai ne wataƙila da na yi tari na juya. Na sha gaya wa kaina haka, ban sani ba ko gaskiya ne. Na karɓe rediyon da littafin. Bai yi gardama ba, abin da ya ce kawai shi ne in bari ya rubuta na garin ƙarshe. Na koma ɗakin gadi na zauna na rubuta rahoto irin wanda na saba a caji ofis, da kalmomi masu nauyi, har da cewa an same shi a ɓoye yana karɓar saƙo daga kafar gwamnatin waje yana rubutawa. Nufina manaja ya ja masa kunne a gaban mutane, a san ikona ya wuce bakin get. Manaja ya karanta, ya ɗaga waya. Kafin in ce wani abu ya riga ya kira wani ofishin tsaro.

Da safe mutum biyu suka zo cikin kayan gida. Ba su yi wa kowa tsawa ba, aikinsu suka zo yi a kan abin da aka rubuta musu. Aka kira Isuhu ofishin manaja, ya shigo da gishiri a hannu. Babba daga cikinsu ya buɗe littafin yana juya shafuka. Sunayen garuruwa ne na kusa da iyaka, da ranaku, da lambobi, shekara a kan shekara. Ya tambayi Isuhu, Isuhu ya ce ruwan sama ne. Jami'in ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya sha jin uzuri, sannan ya juyo gare ni.

"Saje, kai ka daɗe da shi a nan. Ka san ko mene ne waɗannan lambobin?"

Ina so ku tsaya a nan, don duk babin saboda wannan tambayar na rubuta shi. Na san kowace lamba a littafin nan. Wasu ma ina zaune a gefensa aka rubuta su. Kalma ɗaya ce, ruwa, da an rufe littafin an ba shi haƙuri. Amma na hango abin da zai biyo baya. Jami'in zai tambaye ni, to don ruwan sama ka tashe mu? Zai nemi ganin dokar da na fake da ita a sanarwa. Manaja zai gane ba daga sama ba ne. Kafin azahar labari ya kai rumfa, kuma wannan karon dariyar ba za ta ƙare ba.

"Ban sani ba, yallaɓai," na ce.

Isuhu ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne, kamar wanda ya taka matakalar da ya saba takawa ya ji babu ita.

"Saje," ya ce.

Suka tafi da shi da littafin ranar Litinin. Rediyon suka manta da ita a durowata. Da azahar rumfa ta yi tsit, 'yan Nijar suka ci abinci a tsaye suka watse, ko mai yi mini sannu babu. Na koma ɗakin gadi na tura yarana zagaye, na sa sakata, na ciro rediyon na kunna ta can ƙasa-ƙasa na kara a kunne, daidai yadda na kama shi yana yi. Na ce wa kaina ina bibiyar abokan gaba ne. Ranar Talata na sake. Mai sharhi ya gama zaginsa, aka fara jero garuruwa, sai na ji sunan garin su Isuhu, talatin da huɗu. Na san abin da talatin da huɗu take nufi. Na san daga ranar kwana uku ne, in an yi sa'a huɗu. Akwai mutanen yankinsu a kamfanin da ke jiran wannan labarin, cikinsu har da Laminu, abokin ɗakinsa. Ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa sai an tambaye ni inda na ji.

A gida ban ce komai ba, amma labarin kamfani ba ya kwana a Challawa. Ranar Laraba da la'asar na tarar mahaifiyarku tsaye a bakin madafa, ba ta ko amsa sallamata da kyau ba.

"Malam, Isuhun wake? Shi ne ɗan leƙen asirin?"

"Bincike ake yi. In ba shi da laifi za a sake shi."

"Ku ba ku san ko yana da laifi ba? Shekara nawa kuna dawo mini da labarin an yi ruwa a garinsu, ba a yi ba, kamar gonarku ce?"

Hafsa ta fito daga ɗaki. Ta riga ta ga hoton sanarwar a wayar wata ƙawarta da yayanta ke aiki a wurinmu. Ba ta taɓa yi mini magana ido cikin ido ba sai ranar.

"Baba, maganata ce kuka sa a takardar nan. Na ce muku da sharuɗɗa, kuka yanke su. Ku je gobe ku gaya musu abin da lambobin suke, ni zan raka ku. Ba za a kama ku ba, kuskure ne za ku ce."

Na ce mata zan je. Ranar Alhamis na sa kaya na fito da niyyar zuwa, na tsaya a bakin titi a-daidaita-sahu uku suka wuce ni, na huɗun na ce masa Challawa. Na ce gobe Juma'a ta fi albarka. Ranar Juma'a na ce ai ofisoshi rabin rana suke. Ban je ba. Ba ni na fito da shi ba, kada wani ya gaya muku haka. Ƙaramin jami'in ne, wanda ashe ɗan manomi ne shi ma, ya kamo tashar ya saurara kwana biyu, ya ga yadda ake jero garuruwan daidai da tsarin littafin. Ranar Asabar da safe suka sallame shi, har da ba shi kuɗin mota. Amma manaja ya ce kamfani ba zai riƙe mutumin da hukuma ta taɓa ɗauka ba. Aka buga masa takardar sallama, ni kuma aka buga mini ta yabo, a inji ɗaya, a rana ɗaya.

Isuhu ya zo kwasar kayansa da hantsi. Ƙa'ida ce duk wanda aka sallama sai an caje jakarsa a get, kuma shugaban masu gadi ne ke yi. Ya ajiye jakar a kan teburina ya buɗe da kansa. Takalmin roba, buta, riga biyu, kwanon cin abinci. Na sa hannu ina taɓawa ban san abin da nake nema ba. Ya rame a kwana biyar ɗin, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ina jiran ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Saje," ya ce, "ko ka ji wani ya ce an yi ruwa wajenmu?"

Ashe ya riga ya tambayi Laminu da sauran, babu wanda ya sani. Ni ne na ƙarshe a hanyarsa ta fita, kuma ina jin don sabo kawai ya tambaya. Na dubi ƙasa.

"An yi. Ran Talata. Talatin da huɗu."

Ya ɗaga hannun nan nasa mai tsaga ya fara lanƙwasa yatsu. Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Ga iyaka a rufe, sai an bi ta daji a kan babur, kwana biyu kafin ya isa. Ya sauke hannun. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ina ka ji?"

Na jawo durowa na ciro rediyon na tura masa a kan tebur. Ya dube ta, ya dube ni, ya gane komai, na ga lokacin da ya gane.

"Bar ta wurinka, Saje," ya ce. "Ni can zan gani da idona."

Ya zuge jakarsa ya fita ta ƙaramar ƙofa. Na bi bayansa da kallo har ya wuce layin tirelolin da ke jiran lodi. Ban ce masa ya yafe mini ba. Masu gadi suna wurin.

Yaƙin ba a yi shi ba. Nasiru ya dawo lafiya har da ƙiba, yana ba mu labarin yadda suke shan shayi da sojan can a gindin bishiya ɗaya. Na tambaye shi ko suna jin zagin da ake musu a rediyo. Ya yi dariya ya ce ai tashar nan ce kaɗai ke kamawa sosai a wurin, kullum ita suke ji, kuma ba wani babba da ya taɓa hana su. Nasiru, ka tuna na tashi na shiga ɗaki a tsakiyar labarin, ka ɗauka ciwon kai ne. Sanarwata kuwa ta zauna a bangon rumfa ba mai cire ta ba mai bin ta, har ruwa ya jiƙa ta ta sulale. Abin da ya sami gonar Isuhu daga bakin Laminu na ji, bayan ya yi wata uku ba ya gaishe ni. Isuhu ya isa ya tarar ƙasa ta bushe, matan gidan sun shuka ɗan abin da suka iya a gefe ɗaya. Ruwa na gaba bai zo ba sai bayan mako uku. Geron da aka shuka a makare ya yi kai, damina ta ɗauke kafin ya yi ido. Ga ba aikin Kano da zai cike gurbin.

Bayan na yi ritaya na kira Laminu gida. A gaban mahaifiyarku da Hafsa na gaya masa duk abin da na rubuta muku a nan, har da sakatar da na sa da talatin da huɗun da na ɓoye masa shi ma. Na roƙe shi in ya je gida ya faɗa wa Isuhu kamar yadda na faɗa, kada ya rage, ya ce masa ina neman gafara. Ni ƙafata ba ta kai ni ko masallacin Juma'a sai an riƙe ni, da da kaina zan je. Laminu ya tafi hutun shuka ya dawo, ya zo ya same ni a ƙofar gida. Ya ce bai tarar da shi a garin ba. Tun shekarar nan Isuhu ya sayar da rabin gonar ya ciyar da gida, ya bi matasa arewa wurin haƙar zinariya, yana ɗebo musu ruwa a jarka, mutum mai shekara sittin da wani abu. Sai ran kasuwa aka samu aka haɗa su a waya.

"Ka gaya masa duka?" na tambaya.

"Duka, Saje. Har katina ya kusa ƙarewa."

"Me ya ce?"

"Da farko na ɗauka sabis ne ya yanke. Sannan ya ce ya ji."

"Ya ce ya yafe?"

Laminu ya gyara hularsa ya dubi titi.

"Ya ce ya ji, Saje."